Adon kek

Adon kek sana'a ce ta lulluɓe kek da haɗin sukari, bota ko cakulan, tare da yi masa fure, rubutu da sauran siffofi, domin bikin aure, zagayowar ranar haihuwa, suna, saukar karatu ko kammala makaranta. Ana bambanta ta da gashin kek: mai gashi aikinsa yana ƙarewa idan kek ya fito daga wuta ya huce, mai ado kuwa daga nan nasa yake farawa. A Arewacin Najeriya mutum ɗaya ne yakan yi duka biyun, kuma galibi mata ne da ke aikin a gidajensu.

Sana'ar ta sami siffarta ta yanzu a Ingila, a ƙarni na 18 da na 19, wato a ƙasar sanyi, da kayan haɗin da suka dace da sanyi. Saboda haka yawancin abin da ya bambanta adon kek na ƙasar Hausa da na Turai ya taso ne daga ƙoƙarin daidaita sana'ar da zafin rana, ƙarancin wutar lantarki, nisan hanya, da kuma hukuncin halal da haram.

Asalin kalma

Hausa ta aro kalmar kek daga Ingilishi, shi kuma Ingilishi ya samo ta daga tsohon harshen mutanen Arewacin Turai, inda ake cewa kaka. Akwai wani tsohon lafazi, kyat, wanda ake samu a ƙamusoshin Hausa. Hausawan Nijar, irin su na Maraɗi da Damagaram, sun fi cewa gato, wanda suka aro daga Faransanci. Kalmar tana cikin ƙananan rukunin kalmomin aro da suka ƙi karɓar wasali a ƙarshe. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka ƙara shi a kan burodi da sukari, amma kek ta tsaya yadda ta zo.

Kayan sana'ar ma kusan duk sunayen aro ne: fulawa, bota, aysin, obin, bekin foda. Fondan daga Faransanci ta fito, daga aikatau mai ma'anar narkewa. Sukari kuwa ta riga su shigowa da ƙarnoni, domin daga Larabci take. Haka nan alkaki, wadda ta fito daga kalmar Larabci al-ka'k, sunan wani busasshen abin maƙulashe na alkama. Kamannin sautin alkaki da kek kaɗai bai isa hujjar cewa tushensu ɗaya ba ne, amma hanyoyin shigowarsu a bayyane suke: ɗaya ta hamada, ɗaya ta teku.

Tarihi

A tsohuwar daular Rum akwai wani nau'in ɗaurin aure na manyan gidaje da ango da amarya suke cin burodin hatsi tare a gaban shaidu. Masu tarihin abinci sukan fara labarin kek ɗin aure daga nan, sai dai wannan burodi ba shi da ado. Ado ya jira sukari. Sai da gonakin rake na tsibiran Karibiyan, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka noma, suka cika kasuwannin Turai, sannan farin sukari ya isa ɗakunan girkin masu hali. A 1769 wata Ba'ingiliya mai suna Elizabeth Raffald ta buga littafin girki da ya bayyana kek ɗin amarya mai rufi biyu, na haɗin almon a ciki, na farin sukari a waje. Farin rufi a lokacin alamar arziki ce, domin sukarin da aka tace sosai shi ne mafi tsada.

Gidan sarautar Ingila ne ya mayar da abin yayi. A bikin Sarauniya Biktoriya da Yarima Albat, ranar 10 ga Fabrairu 1840, an yanka kek mai nauyin kusan kilo 136, da kewayen ƙafa tara, an lulluɓe shi da farin aysin mai tauri. Da wannan biki ake danganta sunan aysin na sarauta. Kek ɗin bai da hawa. Mai hawa-hawa ya yi suna ne a bikin babbar 'yarta a 1858. A 1947, lokacin auren Gimbiya Elizabeth, kamfanin McVitie and Price ya gina mai hawa huɗu, tsawonsa ƙafa tara, nauyinsa kusan kilo 227. Ingila tana cikin rabon abinci na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka wani ɓangare na kayan haɗin daga Ostireliya aka aiko shi kyauta.

Kek ɗin ranar haihuwa kuma an fi danganta shi da Jamus. An rubuta labarin wani biki da aka yi wa wani basarake mai suna Zinzendorf a 1746, inda aka kafa kyandirori a kan babban kek daidai da yawan shekarunsa.

Abubuwa biyu suka sauko da sana'ar daga fada zuwa gidan talaka. Na farko bekin foda, wadda Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham, ya ƙirƙiro a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Na biyu koyarwa: an buɗe makarantar Wilton a Chicago ta Amurka a 1929, sannan Joseph Lambeth ya wallafa littafinsa na dabarar matsa aysin layi bisa layi a 1934. Daga 2009 shirin talabijin na Cake Boss ya nuna wa duniya kek mai siffar mota da gida da dabba, daga baya YouTube da Instagram suka zama makarantar da ta fi kowace yawan ɗalibai.

Kayan rufi

Aysin na bota shi ne mafi sauƙi. Ana buga bota har ta yi haske, a zuba garin sukari kimanin ninki biyu na nauyinta. Yana da laushi da ɗanɗano, ana shafa shi da wuƙar shafi, ana kuma zuba shi a ledar matsi mai bakin ƙarfe a fitar da fure, ganye ko rubutu. Rauninsa ɗaya ne: bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35 a ma'aunin Salshiyas.

Aysin na sarauta ana haɗa shi da farin ƙwai da garin sukari, kusan giram 200 zuwa 250 ga kowane farin ƙwai ɗaya, da ɗigon lemun tsami. Idan ya bushe yakan yi tauri kamar alli. Shi ya fi dacewa da zane mai siriri, kuma zafi ba ya narkar da shi. Sai dai ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, don haka masu kula da lafiya sun fi son a yi amfani da garin farin ƙwai da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta.

Fondan kwaɓaɓɓen garin sukari ne da jelatin, gilukos da gilisarin, wanda ake murzawa kamar fulawar cincin har kaurinsa ya koma milimita uku zuwa biyar, a ɗaga shi a rufa wa kek kamar mayafi. Shi ke ba da santsin nan da ake gani a hotunan biki. Idan aka ƙara masa garin CMC, wanda daga tsirrai ake samo shi, yakan bushe da ƙarfi, a yi furen sukari da shi. Mutane da yawa suna ɓare fondan su ajiye a gefen faranti saboda zaƙinsa ya yi yawa. Abin na ido ne fiye da na baki.

Akwai kuma ganash, wato cakulan da aka narkar cikin kirim mai zafi, yawanci kashi biyu na baƙin cakulan ga kashi ɗaya na kirim. Sai bugaggen kirim, wanda ya fi duka sauƙi a ciki, ya kuma fi duka saurin lalacewa idan babu firji.

Gina kek mai hawa

Aikin yana farawa ne kwana biyu ko uku kafin biki. Kek ɗin da zai ɗauki nauyi dole ya zama mai ƙarfin jiki, kamar wanda ake haɗawa da fulawa, bota, sukari da ƙwai daidai wa daida a ma'auni, a gasa a kan digiri 160 zuwa 180. Bayan ya huce sarai ana yanke tudun samansa, a raba shi falle-falle, a shafa aysin a tsakani. Sai a yi shafin farko mai siriri wanda zai kama ɓurɓushi, a bar shi ya daskare, kafin shafi na biyu ko fondan.

Hawa ba ya zama a kan hawa kai tsaye. Kowane hawa yana kan allonsa, kuma ana soka sanduna na katako ko na roba cikin hawan ƙasa, a yanke su daidai da tsayinsa, ta yadda nauyin na sama zai sauka a kan sandunan, ba a kan kek ba. Wasu sukan ƙara doguwar sanda guda ta tsakiya wadda ta ratsa dukan hawan. Yawancin kek ɗin da ke karkacewa ko ya nutse a wurin biki, matsalarsa daga sandunan take, ko dai ba a sa su ba, ko ba a yanke su daidai ba.

Ana auna faɗin gwangwanin gashi da inci. Bisa ƙiyasin da aka saba, na inci 6 yana ba da yanka 12, na inci 8 yanka 24, na inci 10 kuma 38, idan kowane yanka inci ɗaya ne a kan biyu. Mai hawa uku ke nan bai kai wa mutum tamanin ba. Taron bikin Hausawa kuwa yakan ninka haka sau da yawa. Wannan ne ya sa kek na ƙarya ya samu karɓuwa: ana lulluɓe farin soson nan mai tauri da fondan, a bar hawa ɗaya ko yanki ɗaya na gaske domin wuƙar ango da amarya, sannan a raba wa baƙi ƙananan kek da aka ƙulla tun daga gida. Wasu masu sana'ar haya suke ba da shi.

A ƙasar Hausa

Kek bai tarar da Hausawa ba su da abin zaƙi na biki ba. Kayan gara, waɗanda dangin amarya ke kai wa gidan ango, sun daɗe suna ƙunsar alkaki, nakiya da dubulan. Alkaki da ɓarzajjiyar alkama ake yin sa, a soya, a tsoma a zuma ko dafaffen sukari. Nakiya da soyayyen garin shinkafa, zuma ko sukari, man shanu da kayan yaji irin su citta da kimba. Dubulan kuwa ana naɗe shi a siffofi iri-iri kafin suya, wanda ke nuna cewa ƙawata abin zaƙi ba baƙon tunani ba ne. Babban bambanci shi ne ajiya. Waɗannan an gina su ne a kan yanayin ƙasar: nakiya tana yin watanni a cikin kwano ba tare da firji ba. Kek mai aysin kwanakinsa a ƙirge suke.

Gashin kek ya shigo ne da mulkin mallaka, ta hannun kukun gidajen Turawa, makarantun mishan, darasin koyon girki a makarantun 'yan mata, da kuma 'yan kudu mazauna unguwannin Sabon Gari. Abin da ya fara kafuwa shi ne ƙaramin kek marar ado, wanda ake zubawa a gwangwanin madara ko na tumatir, a jera cikin tukunya mai yashi a ƙasa, a ɗora garwashi bisa murfi. Wannan ya shiga sahun cincin a kayan gara da kayan sallah, kuma har yanzu ana yin sa. Babban kek mai ado ya biyo sababbin shagulgulan biki na birane ne, musamman dina, inda yankan kek ya zama wani sashe na tsarin taro. Bai kori gara ba. A yawancin gidaje ana yin duka biyun, wanda ke nufin ƙarin kuɗi a kan iyayen da dama nauyin ya yi musu yawa, kuma wannan yana cikin abin da masu sukar almubazzarancin biki ke ambata.

Zanen ma ya ɗauki launin gida. Ana daidaita kalar kek da ta anko. Ana kwaikwayon zanen lalle da aysin na sarauta, ana sa dagin Arewa, ana yin kek mai siffar akwatunan lefe, ƙwarya ko hula, da mai siffar allo domin walimar sauka. Sauƙin hayar hoto daga Instagram ya sa abokan ciniki kan zo da hoton kek ɗin da aka yi a Landan ko Dubai, su ce irinsa suke so, ba tare da la'akari da cewa an ɗauki hoton a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba.

Yanayi

A Birnin Kebbi da Sakkwato, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Wannan ya wuce inda bota da cakulan ke narkewa, don haka furen aysin na bota zai iya zubewa kafin a gama ɗaukar hoto. Masu sana'ar sukan maye gurbin bota da majarin na gashi, irin su Simas, ko su haɗa da daskararren man tsirrai, waɗanda suka fi jure zafi, ko da yake suna barin maiƙo a dasashi. Wasu kuma da dare ko da asuba suke yin ado.

Sauran lokutan shekara ma kowanne da tasa matsalar. Sukari yana jan ruwa daga iska, saboda haka da damina fondan yakan yi gumi, ya yi danƙo, launi ya zuba daga wani sashe zuwa wani, furen sukari ya yi laushi ya sunkuya. Da hunturu akasin haka ake gani: iska ta bushe, fondan yana tsagewa tun yana kan tebur, ga ƙura da ke manne wa farin rufi. Ɗigon gilisarin ko shafin mai yana rage tsagewa, kuma dole a rufe abin da ba a aiki da shi a cikin leda. Firji ba koyaushe yake magani ba. Idan aka fito da kek mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa takan kwanta a jikinsa ta ɓata fondan, kuma inda wuta ke ɗaukewa na sa'o'i, kirim da ya yi sanyi ya huce ya sake sanyi ya fi hatsari ga ciki.

Sai hanya. A yankin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, kasuwar kek mai ado ta fi ƙarfi a garuruwan da ke da ɗalibai da ma'aikata. Jega gari ne na kasuwanci a mahaɗar hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri, Aliero kuma tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006. Kai kek daga irin waɗannan garuruwa zuwa ƙauyuka kamar Kashin Zama yana nufin tafiya a mota ko a babur cikin rana. Dabarar da aka saba ita ce a ɗauki kowane hawa a kwalinsa, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri maimakon cinya ko kujera mai gangare, a haɗa su a wurin biki, mai ado kuma ta riƙe ledar aysin domin gyaran abin da hanya ta ɓata.

Halal da lafiyar abinci

Kek ɗin aure na Ingila na asali mai busassun 'ya'yan itatuwa ne da ake jiƙawa da giya, kuma giyar ce ke sa ya yi watanni bai lalace ba. Musulmi masu sana'ar sukan jiƙa da ruwan lemu ko shayi, wanda ke rage masa kwanakin ajiya. Ruwan ƙamshin banila na asali ma da barasa ake tatso shi, don haka ake neman na gari ko wanda aka rubuta babu barasa a ciki.

Jelatin shi ne ya fi jawo tambaya. Daga fata da ƙashin dabba ake samun sa, kuma babban kaso na wanda ake sarrafawa a Turai daga fatar alade yake. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko sarrafawar ta sauya ainihinsa har ya halatta, amma hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce jelatin na kifi ko na saniyar da aka yanka bisa shari'a, ko agar da ake samu daga ciyawar teku. Akwai kuma jan launi mai lamba E120, wanda daga jikin wani ƙwaro ake haɗa shi. 'Yan gumakan ango da amarya da Turawa ke ɗorawa a saman kek ba su samu karɓuwa sosai ba saboda hukuncin mutum-mutumi. Harufan farko na sunaye ko fure ne suka maye gurbinsu. Mutane da yawa kuma suna guje wa rubuta sunan Allah ko aya a kan abin da za a yanka, a zubar da ragowarsa. Shi kansa bikin ranar haihuwa akwai malaman da ke ganin kwaikwayon wasu al'ummai ne da bai dace ba, akwai masu ganin al'ada ce kawai matuƙar ba a haɗa ta da saɓo ba.

Ta fuskar lafiya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar kayan abincin da ake sayarwa a ƙulle, amma launin da ake aunawa a ƙulla a leda a kasuwa ba shi da lamba ko ranar lalacewa. Ƙyalƙyalin ado ma iri biyu ne: wanda aka yi domin ci, da wanda aka rubuta kawai ba guba ba ne, alhali na roba ne. Ana iya samun launi daga kayan gida, kamar gangamau domin ruwan ɗorawa, garin koko domin ruwan ƙasa, da zoɓo domin ja, sai dai jan zoɓo yakan dusashe ya koma shuɗi-shuɗi idan ya haɗu da bekin soda ko kanwa. Ɗanyen fure kuma ba kowanne ake sokawa a kek ba. Ƙariya, duk da kyan furenta, ruwanta guba ne.

Kuɗi da koyo

Jarin farawa ba shi da yawa idan aka kwatanta da wasu sana'o'i: obin ko tukunyar yashi, na'urar bugu ta hannu, gwangwanaye, faifai mai juyawa da bakunan matsi. Ana koyo a wurin wata mai sana'a na 'yan makonni, ko a cibiyoyin koyar da sana'o'i, ko ta azuzuwan WhatsApp, kuma ta waya ake tallata aikin, a karɓi oda, a biya kafin alƙalami.

Wahalar tana wajen farashi. Ana noman alkama da rani a Kebbi, Kano da Jigawa, amma mafi yawan wadda kamfanonin fulawa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, haka ma ɗanyen sukarin da matatun Dangote da BUA ke tacewa. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da farashin alkama a duniya, sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka ƙara tsadar fulawa, ƙwai, gas da sufuri. Mai ado da ta karɓi odar biki wata biyu kafin rana tana iya tarar da kuɗin kayan haɗi ya cinye ribar. Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin shiga shi ne lissafa fulawa da sukari a manta da lokaci, alhali furen sukari guda ɗaya mai ganye da yawa yana iya cin fiye da sa'a guda, ban da kwana ɗaya ko biyu da zai yi yana bushewa.